Gindin Tukunyar Lalla Beya

Tun da Si Munji ya bar aikin gyaran injinan jiragen kamun kifi a Sfax, matarsa Naziha ta yi sallama da tsabtar gida. Wai jirgin sama zai ƙera a gareji, mutumin da ko tsani ya hau sai ya kama salati. Tawul ɗinta suka zama tsumman goge baƙin mai, man zaitun ya koma na shafa wa zarto, burodin da ya taɓa kuwa ko kyanwa ta shinshina sai ta kau da kai. Ƙyamar tana cin ta, amma auren da ya kai ga jikoki ba a kai shi ƙara a kan tawul.

Wata rana ya shigo kicin yana washe baki, ya dire wani faifan ƙarfe kamar tafin hannu a daidai inda take kwaɓa fulawa. Guntun bututu ne a tsakiyarsa, ƙananan huji a kewaye.

"Duba nan, Naziha. Tiyon mai zai shiga bututun, faifan ya manne da tanki, ko ɗigo ba zai zuba ba. Sanholo ne mai kauri irin na da, yanzu ba a samunsa."

"Ɗauke min ƙazantarka," ta ce, ta bi wurin da sabulu. Ba ta tambayi inda ya samo sanholon ba.

Ba a daɗe ba Wasila 'yar maƙwabta ta buga ƙofa da safe, idanu jajur. Mahaifinta ya cika.

"Inna Naziha, an ce a ba mu tukunyar Lalla Beya."

Lalla Beya ita ce mahaifiyar Naziha, ta daɗe da rasuwa. Ƙatuwar tukunyarta ce ke dafa kuskus ɗin kowane biki da kowane makoki a unguwar, shi ya sa ta sa maƙeri ya buga sunanta a gindi don kada ta ɓata a gidajen mutane. Har yau da sunanta ake aron ta, duk wanda ya ci kuwa sai ya ce Allah ya jiƙan mai tukunya. Wannan addu'ar ce Naziha take wa tanadi fiye da ɗan kunnen zinarenta.

Ta shiga ɗakin ajiya ta ɗago tukunyar, sai ta hango ƙafarta ta cikin wani huji da aka yanke a gindin.

Ta rungumo ta zuwa gareji, ta ɗauki faifan nan daga kan teburin Si Munji ta juya bayan faifan. Ga sunan nan, bututun ya cinye tsakiyarsa, sauran ya daɓe da maiƙo da shatin babban yatsansa.

"Haba, sau nawa ake girki da ita a shekara?" in ji Si Munji yana sosa ƙeya. "Zan sayo miki sabuwa mai ƙyalli, wadda ta fi wannan."

"A cikinta aka dafa abincin aurenka. A cikinta aka dafa na makokin babanka, ka ci har ka side hannu."

"To ai ƙarfe ne kawai."

Ta dube shi tun daga gashin da ya yi ƙura har zuwa faratan nan baƙaƙe, tana mamakin yadda ta daɗe tana cin abinci a akushi ɗaya da wannan hannun. Tir da hali.

Ta ɗora masa tukunyar a ƙirji, ta wangale ƙofar gareji inda Wasila ke tsaye tana jira.

"Ga baffanki nan, 'yata, da kansa zai kai muku." Ta juyo gare shi. "In matan gidan sun tambayi Lalla Beya, kai za ka gaya musu inda take."

Ya bi bayan yarinyar zuwa gidan makoki, mutanen da ke zaune a ƙofa suna kallon dattin rigarsa ta cikin hujin.