Mai Kifin Bakin Gada

Ikilima na cikin juya tarwaɗa a mai sai ta ji warin nan, kamar ana ƙona roba a cikin hancinta. In warin ya zo, minti biyu gare ta, wani lokacin ma ba ya kaiwa.

Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika ta batse, motoci sun yi layi tun daga bakin gada. Mutum biyar ne tsaye a gaban kaskonta. Shekara shida tana suyar kifi a nan, ba wanda ya san tana da farfaɗiya. Maganin ma sai ta je Kano take saye don kada a gan ta, kuma shekaranjiya ya ƙare. Ta san mutanen garinta sarai. Ranar da aka ga kumfa a bakinta, ranar za a daina cin abin hannunta, don cewa suke ana ɗaukar ciwon a yawu. Kaskon nan kuwa shi ke ci da 'ya'yanta uku.

"Hajiya, a yi sauri mana, fasinja sai zagina suke!" in ji Yahuza direba.

Ta matsa kusa da Hansai mai waina, maƙwabciyarta a rumfa, ta kama bakin zaninta.

"Yaya Hansai, riƙe min wuta. Zan faɗi."

"Faɗi kamar yaya?"

"Farfaɗiya. Don Allah ki rufa min asiri."

Hansai ta dube ta sau ɗaya tak. Ta ja ta bayan buhunan gawayi, ta kwantar da ita a gefe, ta saki tabarmar da suke kare rana da ita. Abu na ƙarshe da Ikilima ta ji shi ne an ƙure rediyo, da muryar Hansai sama da shi.

"Alwala ta je, ko kai za ka yi mata? Cikinka ne ke zaginka, Yahuza, ba fasinja ba. Miƙo hannu!"

Da ta farfaɗo, harshenta na zogi, an lulluɓe ta da mayafin da ba nata ba. Hansai ta leƙo.

"Ba wanda ya gani. Kifinki ma ya ƙare tas."

"Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira."

"Amin. Maganar nan kuwa da ita za a binne ni."

Ikilima ta lallaɓa ta fito ta zauna a benci. Nan ta ga Hansai tsugune tana wanke hannu da toka, har gwiwar hannu. Ta ɗauraye, ta sake ɗiban toka. Sau uku.

Da aka sauko daga masallaci Hansai ta buɗe kwanon dambun da suka saba haɗa hannu a ciki. Sai ta juya murfin, ta zuba rabi a kai, har da ƙarin zogale, ta turo mata ba tare da ta ɗago ido ba.

"Ga naki, ƙanwata. Ci ki samu ƙarfi."

Ikilima ta buɗe baki za ta faɗi abin da likita ya gaya mata, cewa ba a ɗaukar ciwon. Sai idonta ya sauka a bayan hannun Hansai, inda man kifi ya fallatsa ya tashi bororo biyu.

Ta jawo murfin gabanta, ta yi bismilla.