Layi Uku a Kwandon Shara

Shekara goma sha tara Wendell Tomczak yana shara da goge-goge a sakandaren unguwarsu a garin Duluth, bai taɓa karanta takardar da ya tarar a kwando ba. Ran nan da la'asar, cikin watan Nuwamba, yana juye kwandon ajin Malama Lindqvist mai koyar da kimiyya, sai idonsa ya faɗa kan sunan 'yarsa.

Corinne ce autarsa, tana ajin ƙarshe a makarantar, kuma ita ce ta farko a gidansu da ta nemi jami'a. Jami'o'in sun ce sai da wasiƙar shaida daga malami, wadda ɗalibi ba ya gani. Ga ta nan an duƙunƙune. Ya warware ta. Layi uku ne kacal: Corinne ba ta makara, tana kawo aikinta kan lokaci, ba ta da fitina.

"Wannan ai shaidar agogon bango ce," ya ce a ransa.

Da yamma suna cin dankali da naman kasko, Corinne ta ajiye cokali. "Baba, ran da na roƙi Malama wasiƙar nan, cewa ta yi 'to, ba laifi'. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Kana ganin za ta rubuta abin kirki?"

"Ci abincinki kafin ya huce," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.

Matarsa Bernice kaɗai ya gaya wa. Ta ce, "Ka je ka same ta mana. Kai da kake share mata aji kullum!"

"Shi ya sa. Gobe a ce mai shara yana leƙen takardun malamai."

"To zauna kana jin kunya, 'yarka ta rasa makaranta."

Kwana shida yana tura amalanken shara ya wuce ƙofar ajin. A na bakwai ya tarar da malamar ita kaɗai tana gyaran jarrabawa. Ya cire hula, ya ajiye mata takardar a tebur.

"Malama, na yi abin da bai kamata ba, na karanta. Corinne 'yata ce."

Ta dubi takardar, ta dube shi, fuskarta ta yi ja. "'Yarka ce? Wallahi ban sani ba." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ban aika ba tukuna. Sau uku ina rubutawa ina yarwa. Wasiƙa arba'in da ɗaya ke kaina, kuma yarinyar nan shekara biyu tana zaune can bayan aji, ban san muryarta ba. Me zan ce?"

Wendell ya jingina da sandar goge ƙasa ya fara. Yadda Corinne ta yi wata biyu tana ɗibar ruwan rafin bayan gidansu a kwalaben jam tana aunawa, don ta ga kifaye na mutuwa. Yadda ta gano gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara ne ke gangarawa ciki. Ya yi ta zuba har ya ji maƙogwaronsa ya bushe.

Malamar ta ce, "Na yarda da kai. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba. Ta zo da kanta ran Litinin, da kwalabenta."

Da Corinne ta ji, gidan ya yi musu kaɗan. "Ka je ka yi mini roƙo? Baba, yanzu da wane ido zan kalle ta?" Ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ran Litinin dai ya hango ta daga ƙarshen baranda, rungume da kwali, kwalabe na ƙara a ciki. Ta daɗe a tsaye kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar ajin malamar. Ya koma ɗakin ajiyar tsintsiya don kada ta gan shi. Sai da ta yi awa ɗaya da rabi ta fito.

"Yaya?" ya tambaye ta a mota.

"Ta ce awona na farko duk kuskure ne." Ta ɗan yi murmushi. "Wai in sake, za ta ara mini na'urarta ta awon ruwa."

Abin da malamar ta rubuta daga baya, babu wanda ya gani a cikinsu. A watan Maris amsoshi suka zo. Jami'ar da Corinne ta fi so ba ta ɗauke ta ba, ta yi kukanta ta ƙoshi, Wendell yana zaune a bakin matakala. Wasu jami'o'i biyu sun ɗauke ta. Ta zaɓi wadda ke da tafiyar awa uku daga gida, ta ce masa ya fara duba tayoyin motarsa tun yanzu.