Mala'ikan da Ke Kiwon Shanu

Malam Abarshi ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa ɗaukar kazar kowa ba. Suna ya sata, daga cikin waƙar Iya Laraba, ya kuma yi satar da littafin waƙoƙi a hammatarsa, shi da yake shugaban mawaƙan ikilisiya.

A daminar shekarar da motoci suka koma hannun dama, Iya Laraba ta shiga dajin yamma da Kuyello tsintar kaɗanya, kububuwa ta sare ta a dunduniya. Ta yi ta kiran Yesu har muryarta ta dushe. Wanda ya ɓullo daga cikin kurmi shi ne Bakoji, Bafulatanin da ke da ruga a bakin rafi. Ya ɗaure ƙafar, ya tauna saiwa ya manna, ya ɗora ta a kan takarkari. Kwana huɗu matarsa tana ɗura mata kindirmo.

Da ta warke, waƙa ta zo mata a kan dutsen niƙa:

"Na yi kuka a kurmi, Ubangiji ka ji ni,
Ka aiko Bakoji da sandarsa ya ɗauke ni."

Matan zumuntar ikilisiya suka kama, suna kiɗa da tulu da caki. Waƙar ta shiga kunnen Malam Abarshi, ya rubuta ta domin ranar godiyar kaka. Iya Laraba ba ta san ko bihim a takarda ba, sai a wurin gwajin waƙa ta ji mawaƙa suna rera, "Ka aiko mala'ika da haskensa."

Ta tare shi a ƙofar majami'a.

"Abarshi, wane haske? Mutumin nan warin man shanu yake yi."

"Iya, yabo ai na Allah ne shi kaɗai. Kuma sunan wanda ba namu ba bai dace da sujada ba."

"Basamariyen nan mai taimako da kuke karanta mana labarinsa, ɗan wace ikilisiya ne?"

Ya ce wannan daban, ya kuma ce "mala'ika" ya fi zama daidai da kiɗa.

Ana saura kwana uku godiyar, Bakoji ya zo roƙon a bar shanunsa su ci karan gonar majami'a, tunda an gama yankan dawa. Dattawa suka ce kashin shanu ba zai kusanci ɗakin Allah ba. Ya yi musu sai an jima, ya tuge rugarsa ya nufi Gayam.

Ran Lahadi dammunan dawa da masara suka cika gaban bagade. Mawaƙa suka tashi da farar riga, suka gode wa Ubangiji da ya aiko mala'ika, har Fasto Mailafiya yana share ƙwalla. Da aka ce amin kowa ya zauna, ban da Iya Laraba.

"Iya, shaida za ki ba da?" in ji Fasto.

"Ƙara na kawo, ɗana. Ran Alhamis mala'ikan nan da kuke yi wa waƙa ya zo neman kara, kuka kore shi."

Wasu 'yan mata suka toshe baki da ɗankwali. Malam Abarshi ya ce cikin ladabi a bari sai an tashi.

"A cikin sujada kuka yi ƙaryar, a cikinta za a warware. Da kun bar sunansa a bakin yaran nan, wane dattijo ne zai iya kallon idonsa ya hana shi kara? Ni na ga wanda aka aiko, shi ma wanda ya yi aiken bai manta ba. Godiyata ce kuka kai masa da ƙarya a ciki." Ta dogara sandarta a ƙasa. "Ƙafar nan ba ta son tsayuwa, amma ba zan zauna ba. Abarshi, tashi ka gaya wa Ubangiji a gaban jama'a, wa ya ba ka izinin canza masa ɗan aike?"