Injin Tiyamike

"Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga talatin da biyu nake so," in ji Tiyamike. "Sha shida ba za ta ɗauki ɗanyen hoto ɗari biyar a zama ɗaya ba."

Mai shagon ya ajiye abin da yake yi, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta. Tun shigowarsu wannan shago na kasuwar Limbe da Limbikani yake magana, don shi ne namiji, shi ne babba, shi ne mai kyamara a wuya. Yanzu kuwa kamar babu shi a wurin.

Shekara ashirin Limbikani ya yi yana ɗaukar hoto a garin Mulanje da ke gindin dutse. Shi ya koya wa ƙanwar tasa riƙon kyamara tun tana 'yar sakandare, har ita ma ta buɗe nata shagon hoto. Da ta roƙe shi ya raka ta sayen kwamfuta da kuɗin adashinta na shekara uku, ya ɗauka shawararsa take nema. Ya nuna mata wata ta hannu irin tasa, mai sauƙin kuɗi. Ta yi murmushi kawai, ta ci gaba da tambayar mai shago saurin ƙwaƙwalwar injin, da irin ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, da katin da ke taya injin sarrafa launi. Rabin maganar bai gane ba, kuma girma ya hana shi tambaya.

Suka fito da akwati mai bangon gilashi. Daga waje ana hango siraran bututu biyu da jan ruwa ke zagayawa a ciki don sanyaya injin. A mota ta ce masa duk ranar da aiki ya yi masa yawa ya kawo ta sarrafa masa.

"Ban tsufa haka ba tukuna," ya ce, ya mayar da fuskarsa ga gonakin shayi.

* * *

A bikin 'yar wani manajan gona ne ya ga abin da idonsa. An gayyace su su biyu. Tiyamike ta haɗa kyamararta da injin da doguwar waya, tana dannawa hoto na bayyana a allo kafin amarya ta gama murmushi. Kafin a gama rabon shinkafa, dangin ango suna riƙe da hotunansu a hannu suna dariya. Shi kuwa sai da ya koma shago, ya kwana huɗu yana jiran tsohuwar kwamfutarsa ta buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya tana gurnani. Da ya kai nasa, uwar amarya ta karɓa don kunya, ba ta ko buɗe ambulan ba.

Daga nan makarantu suka koma wurinta, coci-coci suka bi. Mahaifiyarsu ma, da ta tashi sabunta katin shaida, shagon Tiyamike ta nufa. Ba rashin ciniki ne ya fi cin ransa ba. Yanzu in ya wuce a kasuwa, sai ya ji ana cewa, "Ga yayan mai hoto nan."

A lokacin ne jita-jitar masu shan jini ta sake tashi a ƙauyukan gindin dutse. Ana cewa suna yawo da na'urori, suna zuƙe jinin talaka su sayar wa masu kuɗi. Babu wanda ya gani, amma kowa ya san wanda ya san wanda aka zuƙa. Limbikani bai taɓa yarda da zancen ba, har dariya yake yi wa masu yinsa.

Wata la'asar suna buga dara a ƙarƙashin mangwaro, Chimbalanga mai gyaran keke ya tsokane shi.

"Malam, ƙanwarka ta kwance maka zani a kasuwa. Wai me take zuba wa injin nan ne?"

Aka yi dariya. Limbikani ya motsa ɗan dara a hankali, bai ɗago ba.

"Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin injin da ke shan jan ruwa ba. Ku leƙa ta gilashin ku gani. Ni dai ban ce komai ba."

Dariyar ta tsaya. Ya ji wani ɗan sanyi a ransa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. A tunaninsa, iyakacin abin mutane su ɗan ja baya da ita na wata ɗaya ko biyu.

* * *

Kwana tara maganar ta yi tana yawo. Ta je ƙauye ta dawo da ƙafafu: wai wata mata ta suma bayan an ɗauke ta hoto, wai doguwar wayar nan ita ce ke ja.

Ranar kasuwa da hantsi Limbikani ya ji ihu. Kafin ya iso an ɓalle ƙofar shagon Tiyamike, an fito da akwatin gilashin an rotsa shi a kan kwalta. Jan ruwan ya malale, taron ya ja da baya, sannan ya ƙara haukacewa. Wani ya watsa fetur a kai, aka ƙyasta ashana. Tiyamike ta kutsa cikin wutar don ta ciro ma'ajiyar da hotunan mutane suke ciki, hotunan waɗannan da suke jifanta.

Limbikani ya ratsa taron yana rantsuwa cewa ruwan sanyaya inji ne kawai. Babu wanda ya saurare shi. Chimbalanga ma, da dutse a hannu, kallon mamaki ya yi masa. Limbikani ya rufe ta da jikinsa, duwatsu biyu suka same shi a baya, har 'yan sanda suka iso.

* * *

A asibiti an naɗe hannayenta biyu har gwiwa. Likita ya ce yatsun dama ba lalle su sake lanƙwasawa ba. Mahaifiyarsu ta kawo tuwon masara da miyar kifi, tana ta gaya wa matan ɗakin yadda ɗanta ya tare wa ƙanwarsa duwatsu, suna sa masa albarka.

"Yaya, ba ni a baki," Tiyamike ta ce. "Hannun Mama rawa yake yi."

Ya wanke hannu, ya zauna a bakin gadon, ya gutsuro tuwon yana mulmulawa.

"Na yi ta tunani," ta ce a hankali, "wa na taɓa yi wa laifi a garin nan? Na rasa. Ko ma wane ne, na bar shi da Allah."

Ya ci gaba da mulmula lomar har ta yi sanyi a tafinsa. Ta buɗe baki tana jira.