Riɗi a Tabkin Madarunfa

Shekarar da fari ya janye tabkin Madarunfa ya koma rabi, karfasa ta fara tasowa matacciya, da wani farin abu kamar kaɗa, wato auduga, a jikinta. Ma'aikatar ruwa ta turo Barnabas daga Maraɗi ya gano ko mene ne.

Fumfuna ce, ya sani. Tarkonta dafaffen riɗi: a ƙulla a tsumma, a jiƙa cikin tabki, ta kama, a kai ɗaki a rene ta. Ana cikin haka masunta suka gan shi yana jefa ƙulle-ƙulle a ruwa.

Kafin azahar sun kewaye ɗakin aikinsa. Illo, sarkin ruwa, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, ya kira shi da Mushe, yadda ake ce wa ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, tunda ka ce ba kai ka zuba ciwon ba, nuna muna. Kafin nan ba ka fita."

"Ranka ya daɗe, kifin na mutuwa tun ban zo ba."

"Bai kai haka ba."

Barnabas ya jera kwanonin gilas biyu a gabansu, kowane da riɗi. Ɗaya ruwan tabki, ɗaya tafasasshen ruwa. In na tabki kaɗai ya yi fari, riɗinsa ya fita zargi. Illo ya yarda.

Firigo, na'urar sanyin, ba kananzir, zafi kuma kashe fumfuna yake yi. Sai Barnabas ya tura kwanonin ƙarƙashin randa inda ƙasa ke da laima. Ya zauna. Taga ɗaya ce, ita ma da kawuna a ciki. Tsohuwa Ɗelu kaɗai ake bari ta shiga, ta kawo fura, ta yi shara, ta cika randa daga tabki.

Ranar buɗewa Illo ya shigo da dattawa. Barnabas ya jawo na tabki: riɗin ya yi gashi fari fat. Ya saki numfashi. Ya jawo na biyu.

Shi ma fari fat.

"Inna," ya ce da Ɗelu, "kin taɓa wannan?"

"Na ga ya kusa ƙafewa ne, ɗana, na ƙara mishi daga randa. Laifi ne?"

Illo ya daɗe yana duban kwanonin.

"Ruwa biyu, riɗi ɗaya," ya ce.

"A ba ni in sake. Riɗin da saura."

"Sake mana, Mushe. Mu da ba mu da kifin kamu, ina za mu?"

Ya koma kan buzunsa. Aka ja ƙofa.