Ranar da 'Yar Taga Ba Ta Zo Ba

Shagon cacar lamba ɗaki ɗaya ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da taya. A ciki akwai benci biyu, da talabijin a maƙale a bango, da dogon allo inda ake rubuta lambobi biyar da suka fita kowace Asabar. Can ƙurya akwai taga mai sandunan ƙarfe, a bayanta wata budurwa ke zaune tana buga tikiti. 'Yar Taga kowa ke ce mata. Mamarta ba ta son aikin, amma shi ne ya samu, ita kuma tana fama da asma, ba kowane aiki take iyawa ba.

Cikin masu zuwa kullum akwai wani dattijo, tsohon mai karanta mitar ruwa da ya yi ritaya. Tsaf-tsaf yake zuwa, riga a goge, ba ya hayaniya kamar sauran. Zai tsaya gaban allo yana kwafe tsofaffin lambobi a bayan tikitin da aka yar, yana ja musu layi da jan biro, shi ya sa ake ce masa Mai Jan Biro.

"Lamba ba ta fita don ganin dama," in ji shi. "Kowace akwai abin da ke kiranta."

"To Baba, in ta amsa kiran ka tuna da mu," mai gyaran waya zai ce, a yi dariya.

Wata Laraba da rana, shago ba kowa, ya matso jikin taga ya rage murya.

"'Yata, wata alfarma nake nema. Asabar ɗin nan kada ki zo aiki."

"Lafiya, Baba?"

"Na duba, na sake dubawa. Sau uku lambobina suka taɓa kusantar fita, kuma duk a ranakun ba ke ce a tagar nan ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Baba! Ƙwallayen da ke fitar da lambobin nan fa a wani gari ake juya su. Ba su ma san da zamana a duniya ba."

Shi bai yi dariya ba. Ya dube ta kamar yadda yake duban allo, ya fita.

Ranar Asabar ta zo da safe ta tarar an cusa tsinken ashana a ramin kwaɗon shagon. Sai da manaja ya kira mai walda aka yanke kwaɗon. Da aka zo juya ƙwallaye, kowa ya ɗaga kai yana kallon talabijin, ban da Mai Jan Biro. Ita yake kallo. Ko lambarsa ɗaya ba ta fita ba. Da zai wuce ya ce, "Kin gani ko?"

Bayan kwana biyu ta koma gida ta tarar da Mama tana ɓare lemo a tsakar gida.

"Wani dattijon kirki ya zo," in ji Mama. "Shi ya kawo mana lemon nan. Ya ce a wurin aikinku kuka saba. Mutum mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Ya yi ta tambayar lafiyarki, wai yaushe rabon ƙirjinki ya tashi."

Ba ta taɓa gaya wa kowa a shagon inda take zaune ba. Ta fizge ledar lemon, har da wanda ke hannun Mama, ta watsa a kwata.

"Ke! Kanki ɗaya? Abinci kike zubarwa?"

"Mama, ko ya ƙara zuwa kada ki buɗe masa. Don Allah."

Washegari ta gaya wa manaja. Ya taɓe baki. "Wannan tsohon? Ko kaza ba zai iya yankawa ba." Amma da ya ga da gaske take, ya mayar da ita ɗaya shagon nasu da ke can bayan tashar mota. Makonni suka wuce shiru. Har ta fara sakin jiki, ta daina waiwaye a hanya.

Wata Juma'a da tsakar rana, tana sunkuye tana saka takarda a injin tikiti, sai ta ga hannu ya dafa gaban taga. Yatsun duk jan tawada.

"Sannu da aiki, 'yata. Na sha wuya kafin in gano ki."

Ta dubi ƙofar shagon, babu kowa sai rana. A hankali ta kai hannu baya ta murza sakatar ɗan ɗakinta.

"Haƙuri na zo ba ki," ya ce. "Ni na yi kuskure. Kin bar can, amma lambobin ba su fita ba. Sai na koma na tambayi mutane, ashe ba rashin zuwanki ba ne. Ranakun nan uku duk a kwance kike. Na farko zazzaɓi, na samu lamba uku. Na biyu asma, uku kuma. Na ƙarshe, ranar da babur ya buge ki aka kwantar da ke asibiti, huɗu suka fita." Ya ɗaga yatsu huɗu, fuskarsa cike da murna. "Kin ga yadda abin ke tafiya? Iya ƙarfin ciwon, iya yawan lambar. Saura ɗaya tak."

"Baba, ka ji tsoron Allah."

"Ai ba na nufinki da sharri. Ke fa 'yata ce. Kwana biyu ne ki warke, kuma rabi naki ne." Ya ciro kwalbar lemo daga aljihu ya tura ta tsakanin sanduna. "Sha, akwai zafi. Gobe ce Asabar."

Ya koma benci ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran likita.

Ta laluba wayarta ta kira yayanta, direban motar haya. "Yaya, ka zo yanzu," abin da ta iya faɗa ke nan, don ƙirjinta ya fara ɗaurewa. Numfashinta ya koma fito. Ta zazzage jakarta a ƙasa tana neman maganin asmarta na shaƙa, tsabar kuɗi da makullai suka watse. Da ta ɗago, ya dawo jikin taga, ya manna fuska a ƙarfen.

"Ya fara tashi ko?" ya tambaya a hankali. "Kada ki shaƙa, 'yata. Daure kaɗan."

Ta juya masa baya ta shaƙa, ta ƙara shaƙa, hawaye na zuba. Tana jin yana taɓa hannun ƙofarta, yana murɗawa a hankali, yana saki, yana sake murɗawa.

Haka yayanta ya same su. Ya cakumi wuyan rigar tsohon ya ja shi waje, mutanen tasha suka taru. Bai yi gardama ba, sai roƙo yake a bar shi ya sayi tikitinsa kafin a rufe. Wani kwandasta da abin ya ba shi dariya ya karɓi takardar lambobin daga hannunsa yana karantawa da ƙarfi.

A ofishin 'yan sanda aka kira babbar 'yarsa. Ta zo tana kuka, ta ce tun rasuwar mahaifiyarsu yake haka, bangon ɗakinsa babu masakar tsinke don lambobi. Ta durƙusa ta ba su haƙuri, ta yi alkawarin kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a ranar. Kwalbar kuwa, a cikin hargitsin wani ya ture ta ta fashe, ba a san abin da ke ciki ba.

'Yar Taga ta wuni Asabar a kwance, ƙirji ya ƙi saki, Mama na mata fifita. Da yamma wayarta ta fara ƙara. Mai gyaran waya ne. Ta katse. Sai manaja. Sai wata lamba da ba ta sani ba, sai wata kuma. Yayanta ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, yana juya makullin mota a hannu.

"Kin ji nawa suka fita yau cikin lambobin tsohon nan?"

"Kada ka gaya mini, Yaya."

"Ai ba duka—"

"Na ce kada ka gaya mini!"

Ta cire layin wayar ta karya shi biyu. Ba ta koma shagon ba, ko kayanta ba ta je ɗauka ba. Kafin wata ya ƙare yayanta ya samo musu haya a wata unguwa, suka kwashe kaya ba su yi sallama da maƙwabta ba.