Rikicin Gidan Wankan Kihachi

Da kaka Genzo mai saran itace ya kawo yayansa Rihei ƙauyen da ke gindin dutse mai aman wuta, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Rihei ya daɗe yana fama da gyambo a ƙafafu, magani ya ƙi ci. Ruwan nan tsaminsa har ƙusa yake cinyewa. Sai ya fara buɗe ciwo ya ƙona shi, sannan ya warkar.

Dokar gidan wankan kowa ya san ta. A dama ruwan da katako har ya ɗan huce, tsoho Kihachi mai gidan ya ba da umarni, kowa ya nutse har wuya ya sandare. Duk wanda ya motsa, zafin yake tura wa na kusa da shi.

Akwai wani dillalin dawakai, Tatsuhei, ƙato mai wuya kamar turmi, da ya mai da wannan abin wasa. Ran nan ya zauna daf da Rihei, ya riƙa kaɗa ƙafa a ƙarƙashin ruwa. Rihei ya cije leɓe har jini ya fito.

"Bawan Allah, daina motsi," in ji Genzo.

"Ni? Kifi ne dai ya wuce." Tatsuhei ya yi dariya, ya juya ga Rihei. "Kai, tsoho, warinka ya fi na ruwan. Wa ya ce a kawo mushe cikin mutane?"

"Rabu da shi, Genzo," in ji Rihei.

Tatsuhei ya sa diddige ya murje gyambon. Ihun da Rihei ya yi, Genzo bai taɓa jin irinsa ba. Bai san lokacin da ya fizgo ludayin katako ya rafka wa ƙaton a baki ba. Haƙora suka zubo. Tatsuhei ya shaƙo wuyansa ya danna shi ƙarƙashin ruwa. Tsamin ya shige masa hanci da maƙogwaro kamar an ɗura masa garwashi. Genzo ya lalubo fuskar mutumin, ya cusa babban yatsa cikin idonsa, ya tura iya ƙarfinsa.

Suka taso tare suna tari. Tatsuhei ya kama hannun Genzo na dama ya buga a gefen kwamin wankan, ya sake bugawa, ƙashi ya ce ƙaras. Mutane suka yi waje tsirara suna zamewa, Kihachi na ihu, "Ku fito da mara lafiyan! Ku fito da shi!" Genzo ya rarumi katakon dama ruwa da hagu ya sauke shi a ƙeyar ƙaton. Tatsuhei ya kife, ruwan ya yi ja. Da gashi Kihachi ya jawo shi waje, da sauran numfashi.

Tatsuhei ya rayu, amma idon ya tafi. 'Yan sanda suka sauka da Genzo gari, a kurkuku ya yi hunturu. Hannun ya haɗe a karkace, bai sake riƙe gatari ba.

Ranar da aka sake shi, Rihei na tsaye a bakin ƙofa da sanda, gyambon ya bushe saura tabo. Ya daɗe yana kallon hannun ƙanin nasa.

"Da ka bar ni na sha zafina, ɗan'uwa."

"Ka ci abinci, Yaya?" in ji Genzo.

Rihei ya girgiza kai. Suka nufi shagon mai taliya a hankali.